Daren Biyar Bayan Tiyata

Gado na huɗu, jikin taga,
inda sanyin tafkin Titikaka ke kutsowa ta tsagar gilashi.
Hilariyo Tikona, manomin dankali daga Ilabe,
shekara sittin da uku, tafin hannu kamar ɓawon itace.
Hanjinsa ne ya murɗe ranar kasuwa,
aka yanke inda ya mutu, aka haɗa baki da baki, aka ɗinke.
Kwana huɗu yana tsokanarmu,
wai romon asibiti ko akuya ba za ta sha ba.

Daren biyar na taɓa goshinsa, wuta.
Na taɓa ƙafarsa, ƙanƙara.
Zuciya na sukuwa, ɗari da talatin,
awon jini na zurarewa kamar guga da igiya ta tsinke,
jakar fitsari tun faɗuwar rana ko cokali ba ta ƙaru ba.
Ya dube ni, ya kira ni da sunan 'yarsa.

Likita Kalsina ta iso da rigar sanyi a kan ta barci,
ta ɗora tafi a cikinsa, ciki ya ƙi lotsawa, sai ka ce katako.
Ta ce, ɗinkin ya saki.
Ita ta yi ɗinkin.
Na ga maƙogwaronta ya motsa sau ɗaya,
sannan ta nemi safar hannu.

Jijiya ta ɓuya, na bi ta har wuya.
Jini kwalba biyu tukuna, don a san sunan maƙiyi,
sai magani, sai ruwa leda bayan leda,
ina matsawa da hannu don ɗigo ya yi mini nawa.
A garin nan mai lafiya ma da rabon iska yake rayuwa,
balle wanda guba ke yawo a jininsa.
Na ƙure bututun iska.
Agogon bango na cin minti kamar gara.

A baranda Bonifasiya na zaune a ƙasa,
hularta a cinya, mazari na juyi a yatsu.
Sifaniyanci bai zauna mata ba, na yi mata da Aimara,
irin ragowar da kakata ta bar mini:
za a sake buɗe shi, a wanke,
a fito da hanji ta gefen ciki, a manna masa leda.
Zare ya tsaya.
Ta ce, zai riƙe fartanya?
Na ce, bari mu ga safiya.
Ta dangwala yatsa a tawada, ta dangwala a takarda,
ta goge sauran a gefen zane.

Awa uku.
Mugunya ta cika kwalbar zuƙa, aka sauya, ta sake cika.
Ruwan gishiri mai ɗumi tulu tara
kafin cikin ya yarda ya fito da fari.

Suka dawo mini da shi inji na numfashi a madadinsa,
famfo uku a kansa, kowanne da kukansa.
Na ja kujera, na zauna gaban jakar nan.
Shekara huɗu a makaranta
ba malamin da ya ce wata rana
zan tsare fitsarin wani da ido ina roƙo.

Biyar da kwata, ɗigo.
Shiru.
Wani ɗigon, launin shayi.
Na rubuta adadin, hannuna na rawa, na sake rubutawa.

Ban ce ya tsira ba.
Ƙoda ta amsa sallama ne kawai, ba ta ce a shigo ba.
Zazzaɓi na nan, huhu na nan da nasa shari'ar,
kwalaben jini sai jibi za su yi magana.

Da na fito, tafkin ya yi fari fat.
Bonifasiya ta kamo gefen rigata,
ta zuba mini busasshen dankali a aljihu, baƙi, ƙanana,
na gonarsa.
Ba ta tambaye ni komai ba.
Mazarin ya koma juyi.